Kututturen Mangwaro a Kan Jinga

A shekarar da sojoji suka koma bariki Baba ya ajiye aikin reluwe. Cikin abokansa da aka sallama tare, wani ya sayi bas yana jigila, wani ya buɗe shagon siminti a cikin Minna. Shi kuwa Baba sai ya sayi wani kwari a gefen hanyar Paiko, inda wani siririn rafi ke bi tsakanin tuddai biyu, ya ɗauko hayar katafila ya tare rafin da jinga. Jinga ce ta jar ƙasa da yumɓu, ta fi ɗaki tsayi, samanta kuma mutum biyu za su iya jerawa kafaɗa da kafaɗa. Damina ɗaya ta isa ta cika bayanta da ruwa. Mutanen wurin suka riƙa cewa dam ɗin Alhaji, mu ma muka bi bakinsu. Da rani, lokacin da ko'ina ya bushe, gonarmu kaɗai ke kore da alayyafo da tumatir da kuɓewa da yalo, injin ban-ruwa yana ta tari a bakin gaɓa.

Ni ce auta, ni kaɗai na rage a gaban Baba da Inna. Karatuna na gaske a lokacin littattafan soyayya ne na haya, irin waɗanda ake karɓowa a kasuwa bangonsu ya yi laushi saboda yawan hannuwa. A cikinsu ba a taɓa haɗuwa a layin niƙa ko a bakin famfo. Kullum a lambu ake haɗuwa, ga ruwa, ga inuwa, iska tana kaɗa gyale. Don haka ranar da na fara ganin dam ya cika, sararin sama kwance a cikinsa, sai na ɗauka Baba ya gina mini wurin ne, saura kawai wanda zai zo.

A aikinsa na da, Baba mai duba layin dogo ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana tafiya a ƙasa tsakanin tasha da tasha, da doguwar guduma a kafaɗa, yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana saurare. Da ya bar aikin bai bar gudumar ba. Kowace safiya sai ya hau jinga ya bi ta daga wannan kai zuwa wancan, yana dukan ƙasa da guduma kamar mai jiran ta amsa. Abin da ya koya a layin dogo shi ya kawo nan. A wurinsa ƙasa tsirara ita ce abokiyar gaba. Ya sha ganin ruwan sama ya zaizaye tudun da jirgi ke bi saboda babu ciyawa, ya kuma sha ganin inda saiwar itace ta damƙe ƙasa kamar yatsu. Saboda haka ranar da Inna ta sha wani mangwaro da aka kawo mata daga Paiko, ta ce wannan ƙwallon ya fi ƙarfin a jefar, Baba da kansa ya nuna mata tsakiyar jinga ya ce ta binne a nan, zai yi inuwa, ya kuma riƙe ƙasa. Ta tona da bakin tsohuwar wuƙa ta binne, ta riƙa hawa da buta tana ba shi ruwa.

Ba ta ga 'ya'yansa ba. Ya kai ƙugu lokacin da ciwo ya kwantar da ita, bai wuce kafaɗa ba aka kai ta makwancinta. Baba ba mutum ne mai yawan ambaton abin da ke cinsa ba. Ban taɓa jin ya ce yana kewarta ba. Amma idan ya sauko daga jinga da safe yakan ce, "Yau ya yi sabon ganye," ko ya ce, "Awaki sun so su taɓa shi, na kore su." Da haka muke hirar Inna, ni da shi.

A ƙasan jinga, inda rafin ke ci gaba da tafiyarsa, akwai gidan wata mata da muke ce wa Mama. Daga kudancin Kaduna mijinta ya kawo ta, ya yi aiki a Minna har ya rasu, ita kuma ta zauna da jikokinta da kajinta da 'yar fadamar shinkafa. Ƙawar Inna ce. Kwanakin zaman makoki ita ta riƙe mana murhu, ranar Lahadi ma daga coci gidanmu ta wuto da kayan jikinta. Baba ya ja mata ruwa da bututu zuwa fadamarta, kuma shekarar da mangwaron ya fara 'ya'ya, na farko da ya faɗo ita ya aika wa. A lokacin gidanta kaɗai ne a ƙasan dam. Sannu a hankali gari ya miƙo ƙafa, rufin kwano ya fara tsirowa a bakin rafi, ɗaya bayan ɗaya.

Wata ranar kaka ina zaune a gindin mangwaron da littafi a cinya, sai na ji ƙarar babur ta tsaya a bakin hanya. Wani siririn saurayi ya sauko, da tabarau da dogon takalmin roba, ya hau jinga yana tahowa rana na bayansa. Na rantse a take zuciyata ta ce mini ga shi nan. Na gyara gyale, na sunkuyar da kai yadda ake yi.

Ya ce, "Sannu ƙanwata. Mai wurin nan yana kusa?"

A littafi ba a cewa ƙanwata. Amma na yi masa uzuri, na tashi na kira Baba.

Injiniya ne, daga ofishin da ke duba irin waɗannan madatsun ruwa aka turo shi, saboda an ga gidaje sun yi yawa a ƙasan namu. Baba ya karɓe shi da fara'a, don ya daɗe bai sami wanda zai nuna wa aikinsa ba. Suka bi jinga tare, ni ina biye da kofin ruwa. Injiniya ya yaba daɓen ƙasar, ya yaba ciyawar, ya ce a share hanyar da rarar ruwa ke fita don ta fara cikewa da kara. Sannan ya zo gindin mangwaron ya tsaya, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. Na ɗauka inuwar ce ta burge shi.

Ya ce, "Baba, wa ya shuka wannan?"

"Uwar yarinyar nan."

"Tana ciki in gaishe ta?"

"Ta riga mu."

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Allah ya jiƙanta." Ya mayar da tabaran. "Baba, sai dai ka yi haƙuri. Bishiyar nan sai an sare ta."

Baba ya yi dariya, irin wadda babba ke yi wa yaro. "Injiniya, ita fa ke riƙe da ƙasar. Tun ba a haife ka ba nake bin tudu."

"Gaskiya ne, Baba. Amma tudun jirgi ba ya goyon ruwa a bayansa."

Ya tsuguna ya zana da tsinke a ƙasa. Ya ce ruwan da ke bayan jinga ba kwance yake ba, jingine yake, kullum yana neman ƙofa ko da ta kai ta allura. Saiwa kuma ruwa take nema, za ta ratsa jinga daga wannan gefe zuwa wancan, ruwa ya biyo ta a baya. Idan kuma iska ta tuge bishiyar wata rana, da rabin jingar za ta tafi. Ya miƙe ya nuna rufin gidajen da ke ƙasan jinga da tsinken. Sai ya faɗi yadda za a yi: a jira rani ruwa ya ja baya, a sare, a tone kututturen da duk wata saiwa da ta kai kaurin yatsa, a cike ramin da yumɓu ana daɓewa kaɗan-kaɗan. Ya ce tonon ya ma fi saran muhimmanci, don matacciyar saiwa ruɓewa take yi ta bar rami.

"Kuma Baba, ka riƙa duba gindin jinga ta bayan nan. In ka ga ruwa garau yana tsattsafowa, ka sa ido. In ka ga ya yi launin koko, to jingar ce ke cin kanta."

Baba ya ce ya ji. Ya raka shi har bakin babur, ya cika masa leda da tumatir, ya dawo ya zauna a gindin bishiyar har aka kira la'asar.

Rani ya zo ya wuce ba a sare ba. Injiniya ya riƙa dawowa, kullum Baba da dalilinsa: yau masu injin yanka katako sun yi tafiya, gobe ruwa bai ja sosai ba. Ni kuwa wannan jan ƙafar daɗi ta yi mini, tunda ita ke dawo da babur ɗin. Na koyi haɗa zoɓo da citta da kanumfari. Na riƙa sa tufafin da na fi so ranakun da nake zaton zai zo. Idan ya ce zoɓon ya yi daɗi, sai in kwashe mako ina juya maganar ina neman abin da ke ƙarƙashinta. Mama ta gano ni tun da wuri.

"Amarya, injiniyanki ya zo duba dam ne ko duba ke?"

"Kai Mama, don Allah!"

"Ni dai na ga kwalli ya ƙaru. Dam ba ya bukatar kwalli."

Shi kuwa bai taɓa kallona fiye da yadda yake kallon bututun ruwa ba. Na san haka yanzu. A lokacin na ɗauka kunya ce.

Da rani na biyu ya kama, ya zo bai karɓi zoɓo ba. Ya ce, "Baba, na yi ta kare ka a ofis. In damina ta sauka bishiyar nan na tsaye, dole in faɗa musu, su kuma abin da za su ce shi ne a fasa jingar a saki ruwan. Zaɓi ne tsakanin biyu, ni ba ni da na uku."

Baba ya ɗauki gudumarsa ya hau jinga. Da yamma ya ce in raka shi gidan Mama. Mun same ta tana sussukar shinkafa, jikoki suna wasa a tsakar gida. Ya zauna a kan turmi ya kwashe duka ya faɗa mata, kamar mai neman wanda zai ce masa yaron ofis ne kawai, bai san komai ba.

Mama ta ce, "Alhaji, ni ba na tsoron ruwanka. In Ubangiji ya ce lokaci ya yi, ko a kofi ma mutum zai nutse. Kuma bishiyar nan ta ƙawata ce, ni ma ina ganinta daga nan." Ta kakkaɓe hannu a zani. "Amma yaran nan a wancan ɗakin suke kwana." Ta nuna ɗakin da bangonsa ke kallon rafi.

Baba ya dubi ɗakin, ya dubi yaran. Ƙaramar cikinsu ta zo ta kama gudumarsa tana ƙoƙarin ɗagawa. Ya miƙe ya ce, "To, Mama. Mu kwana lafiya."

Abin da ya roƙa ɗaya ne. A lokacin bishiyar ta yi 'ya'ya fiye da kowace shekara, rassa har sun sunkuyo, sai dai duk ɗanyu ne, kore shar. Ya ce a bar su su nuna tukuna. Injiniya ya dubi sama, ya dubi ruwa, ya ce kafin su nuna hadari ya fara haɗuwa, kuma ba a tona jinga ruwa na hawa. Ya faɗi haka kansa a ƙasa. Ban ji haushinsa ba, ko a ranar.

Masu injin yanka katako suka zo da hantsi. Na zaci Baba zai shiga gari don kada ya gani, amma ya tsaya, har shi ya nuna musu gefen da za ta faɗi don kada ta fasa bututu. Da ta kwanta, ɗanyun mangwaro suka watsu suna gangarawa ta bayan jinga har cikin fadamar Mama. Ƙamshin ɗanyen ganye ya cika wurin. Na tsaya a inda nake zama kullum, rana ta dake ni a ka, a wurin da ban taɓa sanin rana ba. Masu injin suka zuba baƙin mai a kan kututturen don kada ya sake toho. Mama ta bi ta tsince mangwaron a daro. Daga baya ta zaɓi manya ta binne ƙwallayen a bayan ɗakinta, ta yi ta ba su ruwa. Ko ɗaya bai fito ba, ba su ƙosa ba.

Washegari 'yan ƙwadago suka zo da diga da shebur don tono. Baba ya tare su a bakin jinga ya sallame su.

Na ce, "Baba, ai ya ce a tone."

"A layin dogo, in aka sare itace a gefen tudu ba a taɓa kututture. Shi ke riƙe ƙasa bayan itacen ya tafi."

"Amma Baba, ya ce saiwar ruɓewa take yi."

Ya dubi kututturen. Sannan ya ce, "Na ba su rassa, na ba su gangar jiki. Abin da uwarki ta binne da hannunta kuma su bar mini."

Ban san wanne ne dalilinsa na gaskiya a cikin biyun ba. Ina jin shi ma bai raba su ba.

A makon ne Injiniya ya zo sallama. An mayar da shi wajen Zungeru. Ya hau jinga ya ga sarari inda bishiya take, ya kama hannun Baba da hannu biyu ya yi masa godiya. Sai idonsa ya sauka a kan kututturen.

"Baba, saura tono."

"Za a tona."

"Kafin ruwa, Baba."

"Na ce za a tona."

Ya ce wanda zai gaje shi zai zo ya duba. Ya karanto mini lambar wayarsa na sa a tawa, ya ce in na ga wani abu a jinga in kira. Na tsaya ina kallon babur ɗin har ya shige kwana. A littattafan da na sani, a nan ne mai tafiya yake waiwayowa. Bai waiwayo ba, hanyar akwai ramuka.

Wanda ya gaje shi ba mu taɓa ganinsa ba. An ce ba a ba shi abin hawa ba, an ce wuraren sun yi masa yawa. Sau ɗaya wata mota ta tsaya a bakin titi, wani ya sauke gilashi ya hango ruwan daga nesa, ya ɗaga wa Baba hannu suka wuce. Mama ta yi wa Baba maganar kututturen har ta gaji, ni ma na yi. Damina ta zo ta wuce lafiya, wata ma ta zo ta wuce, sai maganar ta mutu da kanta. Kututturen ya zama kujerar Baba. Samansa ya yi sulɓi saboda zama, a nan yake shan kokonsa, a nan yake jan carbi. Ni kuma na fara koyarwa a wata firamare a cikin gari, ina zuwa ina dawowa a bas. Lambar tana cikin wayata. Na canza waya na kwashe ta zuwa sabuwa. Na sha shirya abin da zan ce idan na kira, amma a tarbiyyar littattafaina mace ba ta fara kira.

Shekaru suka tafi a haka, har wata safiyar marka, an yi kwanaki ana ruwa ba a ga rana ba. Na kai wa Baba koko kan kututture ban same shi ba. Na leƙa ta bayan jinga, sai na hango shi can ƙasa a tsugune, daidai saitin kututturen, rigarsa ta jiƙe. Na gangara ina zamewa. Ruwa ne ke fitowa daga cikin ciyawa, bai fi kaurin hannun yaro ba. Baba ya tara tafinsa ya ɗebo, ya miƙo mini. Na dubi tafinsa, na dubi kofin da ke hannuna. Launinsu ɗaya.

Ya hau sama a hankali, na bi shi. Ya ɗaga guduma ya daki ƙasa kusa da kututturen. Duk shekarun nan yana dukanta tana shiru. Ranar ta amsa, da irin ƙarar da tulu ke yi idan babu komai a ciki.

Ya ce, "Kira shi."

Haka na yi kiran da na yi shekara da shekaru ina shiryawa, a tsaye cikin yayyafi, da kofin koko a ɗaya hannun. Aka ɗauka. Na ji kukan jariri a kusa, da muryar mace tana cewa shayi zai huce.

Ya ce, "Wa ke magana?"

"'Yar mai dam ce, na hanyar Paiko."

"Ah, ƙanwata! Masu mangwaro! Ya Baba? An dai tone kututturen nan ko?"

Na ce ba a tone ba, kuma ruwa yana fitowa ta gindin jinga. Na ji ya fita daga ɗakin, kukan ya yi nisa.

"Wane launi?"

"Koko."

Muryarsa ta canza. Ya ce a fara da mutane, duk wanda ke ƙasan jinga ya hau tudu. A buɗe bututu gaba ɗaya. A nemi majiya ƙarfi su yanka wa ruwa hanya a can gefe, a kan ƙasar asali, kada a taɓa tsakiya, kada kowa ya tsaya kusa da kututturen. Ya ce ga shi nan tafe.

Baba bai aike ni ba, da ƙafarsa ya je gidan Mama. Mun same ta a bakin murhu tana fama da jiƙaƙƙen itace.

"Mama, ki kwashe yaran nan ku hau tudu."

"Alhaji, da sassafen nan? Ko ina kwana babu?"

"Ruwana ne zai sauko."

Ta ajiye mafici, ta dube shi. Na jira ta ce ai na faɗa maka. Ba ta ce ba. Ta ƙwala wa jikoki kira, ta ɗaura ƙaramin a baya, ta ɗauki jakar coci. A bakin ƙofa ta juyo.

"Kajina fa?"

"Ni zan kama miki."

"Kai? Da wannan gwiwar? Alhaji, kada ka karye mini a tsakar gida in rasa wanda zan yi wa faɗa."

Amma ya kama su. Na ga mahaifina, da furfurarsa, yana bin kaji cikin taɓo yana cusa su a kwando, ni kuma ina bi gida-gida ina buga ƙofofi. Wasu suka fito da gudu, wasu suka tsaya tambaya, wani ya zagi Baba a gabana. Samarin Gbagyi na ƙauyen da ke sama suka zo da manyan garemani suka kama yanka hanya a gefe. Kafin azahar ruwa ya fara bi ta nan, ja wur, yana ƙara faɗaɗa wa kansa hanya.

Injiniya ya iso da la'asar a motar ofis. Ya yi ƙiba, tabaran ma ba su ne na da ba. Ya gaishe ni da kirki, ya tambayi aiki, ya wuce kan jinga. Na lura zuciyata ba ta ce komai ba. Ya tsaya nesa da kututturen yana kallo, Baba na gefensa. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Baba, da ka bari har gobe, da wani labarin ake yi." Baba ya ce, "Da na tona, da babu labarin."

Ruwan ya ɗauki kwanaki yana sauka. Ya kwantar da shinkafar Mama, ya rushe bangon ɗakin girkinta, ya shiga wasu gidaje har idon sawu. Ba a rasa rai ba, ko na kaza. Da ya ƙare, tarwaɗa suka rage suna birgima a cikin laka, unguwa duka ta fito da kwanduna, har da wanda ya yi zagin. An yi kwana biyu ana suya a ko'ina. Baba bai ci ba.

Injiniya ya gaya masa gaskiya: da yawan gidajen da ke ƙasa yanzu, ba za a yarda a sake tara ruwa a nan ba sai an rushe jingar an sake ta tun daga tushe, da siminti a mafitar ruwa. Baba ba shi da ƙarfin wannan, na jiki ko na aljihu. Kafin Injiniya ya koma ya sa a tone kututturen don ya gani. Mutum biyu aka kira da diga, ashe ɗaya ma ya isa. Ya fito sakayau kamar busasshiyar ƙwarya, gara ta cinye cikinsa. Inda saiwoyin suka bi kuwa ramuka ne, wani har hannu yana shiga zuwa kafaɗa, sun ratsa jingar sun nufi ruwa, kamar yadda aka zana mana da tsinke. Baba ya ɗauki wani guntu ya murza, ya zama gari a tafinsa. Ya daɗe yana riƙe da garin kafin ya kakkaɓe.

Ya gyara wa Mama ɗakin girki da kaka. Gonar ta koma ta damina kawai, doya da masara kamar ta kowa. Injin ban-ruwa ya yi tsatsa a zaure. Amma Baba bai daina hawa jinga da safe ba. Yakan bi ta da gudumarsa har inda aka yanka, ya tsaya a bakin giɓin, ya juyo. Bayan jingar ciyawa ce da shanun Fulani. Ni ma na daina karɓo littattafai a wajen wannan lokacin, ba don wani ya hana ni ba. Wurin karatun ne babu.

Duk lokacin mangwaro nakan sayo na Paiko a tasha in kawo masa. Yakan yanka ya ɗanɗana, ya ce yana da daɗi, ya miƙa wa jikokin Mama sauran. Wata rana da rani, shekarar ƙarshe da ƙafarsa ke iya hawa, na raka shi muka tsaya a tsakiyar jinga inda ramin kututturen ya cike da ƙasa. Rana ta yi zafi, babu inda za a fake. Ya dogara da gudumar yana kallon kwarin da babu ruwa.

Ya ce, "Kin tuna yadda ta yi 'ya'ya a waccan shekarar?"

Na ce na tuna.

"Da na san ruwan ma tafiya zai yi, da na jira sun nuna."